Kafiretar Ƙaramin Injin Kaftu Ta Ƙi: Wanki, Canjin Kayan Ciki, Ko Sabuwa?

Ƙaramin injin kaftun lambu ba ya cika lalacewa a bakin aiki. A ajiye yake lalacewa. Ya yi aikin 'yan kwanaki, a jingine shi wata uku ko huɗu da sauran fetur a ciki, ranar da aka koma kansa sai ya ƙi tashi, ko ya tashi da cok ya mutu da zarar an cire cok ɗin. Daga nan mai shi yake tsayawa tsakanin hanyoyi uku: ya kwance kafireta ya wanke, ya sayi kunshin kayan cikinta ya canza, ko ya ɗaura sabuwa dungurungum. Kowacce tana da wurin da ta dace, kuma abin da ke raba gardama shi ne irin kafiretar da ke jikin injin da kuma alamar da injin yake nunawa.

Amma kafin a taɓa kafireta, a tabbatar ita ce mai laifi. Cire matacin iska, ka ɗiga fetur kamar mililita 2 zuwa 3 a maƙogwaron kafiretar, ka ja igiya. Idan injin mai bugu biyu ne, wato wanda ake gauraya masa mai a cikin fetur, gaurayayyen fetur da mai za ka ɗiga, ba tsurar fetur ba. In ya kama na 'yan daƙiƙu ya mutu, to wuta da matsin silinda suna nan, fetur ne ba ya isowa. In ko tari bai yi ba, ka bar kafireta tukuna ka fito da fulogi. Fulogin da ya jiƙe sharkaf yana nufin fetur ya yi yawa ko babu wuta. Busasshe yana nufin fetur bai kai silinda ba. Maida masa hularsa, ka jingina ƙarfen gindinsa da jikin injin, ka ja igiya ka ga ko tartsatsi mai shuɗi zai tsallaka. Tazarar bakin fulogi a ƙananan injuna takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7, a manyan kuwa irin su Honda GX160 da GX200 da makamantansu milimita 0.7 zuwa 0.8. Idan babu wuta, zare siririyar wayar kashewa daga jikin kwayil ka sake gwadawa. Wuta ta dawo, to makunni ne ko wayarsa ta goge tana taɓa ƙarfe. Ba ta dawo ba ko da sabon fulogi, kwayil ne. Duk lokacin da hannunka zai kusanci haƙoran kaftu, hular fulogi ta kasance a cire.

Akwai kuma abubuwan da ke gaban kafireta waɗanda ake ɗora mata laifinsu. Murfin tanki yana da 'yar kafar shan iska. In ta toshe, injin zai yi aiki na 'yan mintoci sannan ya shaƙe ya mutu, ka sassauta murfin ka ji iska ta shiga, ya sake tashi. Tiyon fetur yakan bushe ya tsage, musamman daidai inda ya ratsa jikin tanki. Matacin da ke rataye a ƙarshen tiyo cikin tanki yakan toshe ko ya cire ya faɗa ciki. 'Yar robar da ake dannawa don jawo fetur takan tsattsage ta riƙa shan iska. Wanda ya ɗaura sabuwar kafireta a kan tsagaggen tiyo bai gyara komai ba.

Kafireta iri biyu ce a waɗannan injuna, kuma shawarar da ta dace da ɗaya ba ta dace da ɗayar ba.

Manyan injunan kaftu masu bugu huɗu, daga kusan cc 160 zuwa 212, suna da kafireta mai kofi a ƙasa. Fetur yana gangarowa daga tanki ya cika kofin, fulot, wato ɗan abin da ke yawo a kan fetur ɗin, ya taso ya tura allura ta rufe hanya. Kusan duk cikinta ƙarfe ne da tagulla da roba mai tauri, a hanyar fetur ba abin da ke motsi sai fulot da allurarsa. Ƙananan kuwa, masu cc 21 zuwa 43 da mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, suna da kafireta marar kofi, yawanci ƙirar kamfanin Walbro ko kamfanin Zama. Wannan tana aiki ne da siraran fatun roba guda biyu: ɗaya tana bugawa da numfashin injin tana jawo fetur daga tanki, ɗayar tana auna yawan wanda zai shiga. Kada a ɗauka duk mai bugu huɗu mai kofi ne. Honda GX25 bugu huɗu ne, amma kafiretarsa mai fata ce. Leƙa ƙasanta kawai: in ka ga kofi da noti a tsakiya, mai fulot ce, in ka ga murfi shafaffe da ƙananan kusoshi, mai fata ce.

Wanki

A kafireta mai kofi, wanki shi ne zaɓi na farko, kuma galibi a nan maganar take ƙarewa. Dalili kuwa cutar ba lalacewar kaya ba ce, toshewa ce. Fetur yakan fara canzawa bayan kamar kwana 30 a ajiye. Sassansa masu saurin tashi su ƙafe, ya bar wani danƙo mai ruwan ƙasa ko kore a cikin ƙananan kafofi. Wanda aka gauraya da itanol kuma yana jan danshi, ruwan ya kwanta a gindin kofi.

Rufe famfon fetur, kwance notin kofi da sifana mai lamba 10, ka duba abin da ke ciki. Zare fil ɗin fulot, ka fitar da fulot da allura. A cikin bututun tsakiya akwai babban jet, wato 'yar kusa mai siririyar kafa da fetur ke bi; sukudireba mai faɗin da ya cika tsagar daidai za ka sa, domin tagulla ce, in bakin ya zame ya cinye tsagar ka shiga wahala. Bayansa doguwar sandar tagulla mai jerin ƙananan kafofi a gefe za ta zamo. Ɗaga ta ga haske, kowace kafa sai an hango ta. Sannan ƙaramin jet na silo (gudun da injin ke yi shi kaɗai ba a ba shi wuta ba), wanda a irin ƙirar GX baƙar roba ce da ke sama, ƙarƙashin kusar daidaita silo. Sai an kwance kusar sannan a ɓanɓaro shi a hankali. Ƙirga zagayen da kusar ta yi wajen fita don ka maida ta inda take.

Wannan ƙaramin jet shi ne aka fi mantawa, kuma shi ne ke jawo hawa da saukar nan, injin ya riƙa ɗaga murya yana saukewa shi kaɗai, sandar gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, tana kai-komo. Kafarsa ba ta kai rabin milimita ba, ta babban jet kuwa kusan milimita 0.7 ce. Zaro silin waya ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi ka zura, ka fesa maganin wanke kafireta, ka hura. Kada ka sa allurar ɗinki ko bakin abin huda. Kafar da aka faɗaɗa ba ta komawa, injin zai riƙa shan fetur fiye da kima yana baƙanta fulogi har abada.

Alamun da ke cewa wanki zai wadatar: injin yana aiki da cok kaɗai, ko yana hawa da sauka, ko yana tashi amma ya kasa ɗaukar nauyi idan haƙora sun shiga ƙasa. Inda ba lallai ya wadatar ba shi ne yoyo. In fetur yana zuba ta maƙogwaro ko ta matacin iska, allurar fulot ba ta rufewa. Wani lokaci datti ne ya tokare ta, wanki ya gyara. In bakin robarta ya yi zobe ko fulot ya sha fetur, kana girgiza shi kana jin motsin ruwa, sai canji. Irin wannan yoyon yakan gangara cikin baƙin mai, don haka ka sansana ma'aunin mai. In yana warin fetur ko ya ƙaru da kansa, juye shi ka zuba sabo kafin ka tada injin. Injunan GX160 da GX200 suna cin kusan lita 0.6.

A kafireta mai fata, wanki shi kaɗai caca ne. Za ka iya samun ɗan ƙaramin tankaɗen ƙarfe na ciki ya cika da datti, ka share shi injin ya tashi. Amma abin da fetur mai tsufa ya fi yi wa wannan iri shi ne ya ƙandare fatun, kuma babu maganin da ke maida ƙandararriyar fata ta yi laushi. Gwajin mai sauƙi ne: cire fatar awo, wadda ke da ɗan faifan ƙarfe a tsakiya, ka motsa ta tsakanin yatsu. In ta lanƙwasa shiru, da sauranta. In tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, ta gama aiki. Haka 'yan harsunan da ke jikin fatar famfo: su kwanta shafe a kan ƙarfe, in sun nannaɗe sama ba za su riƙe fetur ba.

Canjin kayan ciki

Ga mai fata, wannan ne zaɓin da ya fi dacewa a mafi yawan lokuta, muddin gangar jikin kafiretar lafiya take. Kunshin iri biyu ne. Ƙaramin yana ɗauke da fatu da gasket kawai. Cikakken yana ƙara allura, ɗan liban da ke ɗaga ta, sifirin, tankaɗe da 'yan murafun ƙarfe da ake bugawa. Idan an riga an buɗe, cikakken ya fi, domin allura mai zobe a baki za ta sa a sake buɗewa. Ana sayen kunshin ne da lambar da aka buga a jikin kafiretar, irin su WT ko WYL a Walbro, C1U ko RB a Zama, ba da sunan injin kaftun ba, saboda inji iri ɗaya kan fito da kafireta daban daga shekara zuwa shekara.

Wurare uku ake yin kuskure a wannan aiki, kuma su ne ke sa mutane su ce kunshin bai yi ba.

Na farko jerin ɗorawa. A gefen awo, gasket ne ke fara kwanciya a jikin kafireta, sannan fata a kansa, faifan ƙarfenta yana kallon ciki. A gefen famfo akasin haka ne: fata ke taɓa jiki, gasket a bayanta, sannan murfi. In aka juya, ko dai famfon ya ƙi ja, ko injin ya cika da fetur. Ɗauki hoto kafin ka ɗaga kowane abu, domin akwai ƙirar da ta saɓa.

Na biyu tsayin liban allura. In ya yi sama, fata za ta riƙa danna shi kullum, fetur ya yi ta kwarara, fulogi ya jiƙe. In ya yi ƙasa, injin zai ji yunwa idan aka ba shi wuta. Kowace ƙira da tsayinta, kuma masu ƙera su suna da ɗan ma'aunin ƙarfe na musamman. Wanda ba shi da ma'aunin, ya ɗora abu miƙaƙƙe a kan tsohon liban kafin ya cire shi, ya lura da inda ya tsaya, ya daidaita sabon da shi. In tsohon bai ci ba, maida shi ma ba laifi. Sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa kuma yana tsalle. A yi aikin a kan farin ƙyalle.

Na uku iska mai ƙarfi. A cikin bututun da ke fesa fetur akwai wani ɗan bawul mai hana iska komawa baya, siririn faifai ne da ba a ganinsa. Iskar kwamfresa kai tsaye, ko jiƙa kafiretar cikin magani mai zafi na dogon lokaci, yana lalata shi. Da ya lalace, injin ba zai ƙara tsayawa a silo daidai ba, robar dannawa kuma za ta riƙa jawo kumfa maimakon fetur, kuma yawancin kunshi ba sa zuwa da shi. Feshi kaɗan da iska mai sauƙi sun isa. Su kuma murafun da ake bugawa, in ba ka tabbata akwai toshewa a ƙarƙashinsu ba, ƙyale su.

Mai ɗan famfon gwaji zai iya tabbatar da aikinsa kafin ya ɗaura: a hura iska ta bakin shigar fetur har ma'aunin matsi ya nuna kusan psi 7. In allurar ma'auni ta tsaya cak, allurar kafireta tana rufewa. In tana sauka, a sake dubawa.

A kafireta mai kofi, canjin kayan ciki ƙaramin al'amari ne: allura, fulot in ya huje, zoben robar kofi da wanda ke kan noti. Ba ya buƙatar ƙwarewa, kuma ba a yin sa sai an ga yoyo.

Sabuwa

Akwai halin da wanki da kunshi duk ɓata lokaci ne. Idan ruwa ya daɗe a ciki har ƙarfen ya yi farin gari ya rarake, dattin zai ci gaba da ɓarewa yana toshe kafofi ko an wanke sau nawa. Idan sandar maƙura, wato totur, tana girgiɗi a mazauninta, iska tana shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama ɗaya ba. Idan ɗan bawul ɗin nan ya mutu, ko zaren kusa ya cinye, ko jet ya kafe tsagarsa ta lalace. A duk waɗannan, sabuwa ce magani. Haka kuma ga wanda hannunsa bai saba da ƙananan kaya ba, ɗaura sabuwar mai fata ya fi masa sauƙi: noti biyu, tiyo biyu, wayar maƙura ɗaya.

Sai dai sabuwa ma iri biyu ce. Ta asali daga kamfanin da ya ƙera ta farko tana zuwa da jet daidai da injin, a ɗaura a tafi. Ta kwaikwayo ta fi araha nesa, wani lokaci kuɗinta bai wuce na kunshin asali ba, shi ya sa take jan hankali. Wasu suna aiki lafiya. Wasu kuwa girman jet ɗinsu ya saɓa, ko kafar da sandar gwamna ke shiga ba ta daidai wurin, ko hannun cok ya juya wani gefe, ko fatunsu su ƙandare da wuri. A ra'ayina, tsohuwar kafireta ta asali mai lafiyayyen jiki da aka sa wa kunshi na asali ta fi sabuwar kwaikwayo. In dole sai kwaikwayon, ajiye su gefe da gefe kafin ɗaurawa, ka gwada faɗin maƙogwaro, tazarar kusoshi da wurin kowace kafa. A mai kofi ana iya ɗauke jet ɗin tsohuwar a sa a sabuwar in zarensu ɗaya. Kada a yar da tsohuwar sai injin ya yi aikin yini guda lafiya.

Wajen ɗaurawa, sabon gasket a kowane gefe, kuma a lura da 'yar kafar da ke jikin gasket na mai fata. Ta nan bugun injin ke isa ga famfo. In aka juya gasket ɗin kafar ta rufe, sabuwar kafireta ba za ta ja ko ɗigo ba. Tiyo biyun ma ana musanya su: mai mataci a ƙarshe shi ke zuwa mashigar kafireta, ɗayan na mayar da fetur tanki ne.

Ko kunshi aka sa ko sabuwa, mai fata takan so daidaitawa. In tana da kusoshi masu alamar L da H, maida kowace ciki a hankali har ta taɓa, ba tare da matsawa ba, sannan ka dawo da ita zagaye ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan wurin farawa ne kawai. Bar injin ya ɗumama minti biyar. L ce ke kula da silo da karɓar wuta: in ka matsa maƙura ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka, buɗe ta kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. H ta cikakkiyar wuta ce, kuma a nan hatsarin yake ga mai bugu biyu, domin man da ke shafe fistin a cikin fetur yake. In aka rufe H da yawa injin zai yi kuka siriri mai daɗin ji, amma yana ƙuna, fistin zai iya kamewa. A bar shi da ɗan gurnani idan ba ya ɗauke da nauyi, gurnanin ya washe idan haƙora sun kama ƙasa. Kusar silo kuma a sauke ta har haƙora su daina juyawa idan an saki maƙura. Sababbin injuna da yawa suna zuwa da hula a kan kusoshin ko kai mai buƙatar makulli na musamman saboda dokokin hayaƙi, wasu ma babu H sam.

Idan an bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan da kyau injin bai daidaita ba, kada a koma ta biyu da ta uku a jere, a nemi cutar a wani wuri. A mai bugu biyu, ragar da ke bakin salansa takan toshe da baƙin gawayi, musamman in ana zuba mai fiye da kima. Injin zai tashi lafiya amma ya kasa ɗaga murya. Cire ta ka ƙona ko ka goge da burushin ƙarfe. Gaurayen 50:1 mililita 20 ne na mai a lita ɗaya ta fetur, 40:1 kuwa mililita 25, kuma abin da littafin injin ya ce shi za a bi. In ka kwance salansa, leƙa ta kafar fitar hayaƙi ka ga gefen fistin. In ya yi zane-zane a tsaye, ko ma'aunin matsi ya nuna ƙasa da kusan psi 90, babu kafiretar da za ta tashe shi. Silo mai gudu da kansa wanda kusoshi ba sa saukar da shi, ko mai canzawa idan an karkata injin, alamar iska ce ke shiga ta robobin da ke rufe bakin kiranshaf ko ta tsagaggen mazaunin kafireta.

A mai bugu huɗu, matsi kan yi ƙasa a ma'auni ko da injin lafiya yake, saboda akwai abin da ke ɗan buɗe bawul don igiya ta yi sauƙin ja. Abin dubawa shi ne tazarar bawul da injin a sanyaye: a GX200, milimita 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita. In igiya tana fizge hannu ko ta yi tauri ainun, tazarar ta buɗe da yawa, ko kuma ɗan makullin da ke riƙe faifan maganaɗisu, wato faifan da igiya ke juyawa, ya yanke bayan haƙora sun daki dutse, lokacin wuta ya goce.

In kuwa injin yana kuka lafiya haƙora ne ba sa juyawa, maganar ta bar kafireta gaba ɗaya. Fara da fil ɗin da ke riƙe haƙora a kan sanda, sannan saiwa ko waya da ta nannaɗe. A manyan, bel ne ya saki ko wayar kuloci ta miƙe. A ƙananan, kuloci mai buɗewa da gudu ne ya cinye, ko giyar tagulla da ke cikin akwatin ƙasa ta sha wahalar rashin giris. In sandar da ke shiga akwatin tana juyawa haƙora suna tsaye, ko kana iya juya su da hannu ba tare da wata turjiya ba, haƙoran giyar ne suka tafi, sai an buɗe akwatin.